Na'urar GPS Ta Riƙewa A Hannu: Abin Da Za Ka Duba Kafin Ka Biya Kuɗi

Duk shekara idan lokacin furojet ya matso, sai ka ji tambayar ta fara yawo a ɗakunan kwana da bakin laburare: wace GPS ce mai kyau? 'Yan sashen safiyo suna nema, 'yan aikin gona suna nema don auna fili, masu karatun kiwon kifi suna nema. Akwai kuma waɗanda iyayensu masunta ne a Yawuri ko Tiga ko Dadin Kowa, aka ce musu tunda kai ne ɗan boko, je ka sayo mana. Wannan rubutu na su ne duka, amma zan fi tsayawa a kan ruwa, domin a nan ne zaɓen tumun dare ya fi tsada. A tudu idan na'ura ta mutu sai ka tambayi mai kiwo hanya. A tsakiyar tafki wa za ka tambaya?

Tun farko bari a gyara wata kalma. Idan na ce ta hannu, ina nufin wadda ake riƙewa a hannu kamar waya. Ko da yake, maganar gaskiya, yawancinmu ta hannu ta hannu za mu saya, wato wadda wani ya mora ya sayar, kuma zan zo kan wannan daga baya.

Yadda take gane inda kake

GPS tsari ne na rundunar sojin Amurka. Sun harba tauraron ɗan'adam na farko a 1978, tsarin ya fara cikakken aiki da taurari 24 a 1995. Taurarin suna shawagi a nisan kilomita kusan 20,200 daga ƙasa, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a kwana guda, kuma magana ɗaya yake ta maimaitawa: ni ne wane, ga inda nake, ga abin da agogona ya nuna. Na'urar da ke hannunka sauraro kawai take yi. Tana lissafa lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, ta ninka da gudun haske, kilomita 300,000 a sakan guda, sai ta sami nisan da ke tsakaninta da tauraron. Idan ta sami nisan taurari huɗu ta san inda take. Uku na gano wurin ne, na huɗun na gyara agogonta, domin agogon cikinta mai arha ne, kuma kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan yana zama kuskuren mita 300 a ƙasa.

Ka riƙe wannan maganar ta sauraro, domin abubuwa biyu suna fitowa daga cikinta. Na farko, ba ta buƙatar layin waya, ko data, ko sabis, ko biyan kuɗin wata. Sararin sama kawai take so ta gani, kuma babu inda ya fi tsakiyar ruwa buɗaɗɗen sama. Na biyu, tunda ba ta aika komai, babu wanda ya san inda kake ta dalilinta. Idan kwalekwale ya kife za ta gaya maka daidai inda ya kife, amma ba za ta kira kowa ba. Akwai masu aika saƙon neman agaji ta tauraron ɗan'adam, irin inReach na kamfanin Garmin, sai dai su ana biyan kuɗin rajista a kai a kai, kuma ba su ne maganarmu ba a nan. Rigar ceto tana nan a matsayinta, haka ma gaya wa na gida inda ka nufa da lokacin da za ka dawo.

To daidai wa daida take nunawa? Kafin watan Mayu na 2000, Amurka da gangan take gurɓata saƙon da farar hula ke karɓa, har kuskure ya kan kai mita 100. Shugaba Bill Clinton ne ya sa aka daina. Yau ƙaramar na'ura a fili tana sa ka cikin mita 3 zuwa 5 na inda kake. Yanzu kuma ba Amurka kaɗai ke da taurari ba: Rasha tana da GLONASS, Tarayyar Turai tana da Galileo, Sin tana da BeiDou. Na'urar da ke jin biyu ko uku daga cikinsu ta fi saurin kamawa, kuma ta fi riƙe lissafi a ƙarƙashin bishiyoyi ko a kwazazzabo. A kan buɗaɗɗen ruwa bambancin kaɗan ne. Haka ma sababbin nan masu tsada da ke sauraron zango biyu na saƙon lokaci guda, kamar GPSMAP 65 da 67: suna da amfani a kurmi da tsakanin dogayen gine-gine, amma masunci ba zai ga ribar ƙarin kuɗin ba. Sannan idan mai shago ya nuna maka an rubuta WAAS ko EGNOS a jikin kwali yana cewa ai wannan ta fi, ka sani na farkon don Arewacin Amurka aka yi shi, na biyun don Turai. Kada ka ƙara ko sisi saboda su.

Wayata fa, ba ta isa ba?

Sau da yawa ta isa, kuma gara a faɗa. Akwai mai jin GPS a cikin kowace wayar zamani, yana aiki ko babu sabis. Idan aikinka shi ne ka zaga unguwa kwana uku kana ɗaukar lambobin rijiyoyin burtsatse, sauke OsmAnd ko Organic Maps, ka sauke taswirar Najeriya tun kana inda akwai intanet, ka adana kuɗinka. Inda waya ke gazawa a san shi: GPS na shan caji kamar me, fuskarta ba ta ganuwa sosai a tsakar rana, tana zafi har ta kashe kanta, kuma jiƙaƙƙen yatsa mai santsin kifi ba ya latsa gilashi. Ga shi ita ce hanyar kiranka guda ɗaya. Idan ka ƙarar da cajinta wajen neman hanya, da me za ka kira idan an shiga matsala? Wanda zai yini a ruwa kullum, ko zai yi mako a daji babu wuta, shi ne mai buƙatar na'ura ta daban.

Abin da masunci yake saya a zahiri

Masunci ai dama yana da tasa dabarar. Yana daidaita wata doguwar giginya da kan wani dutse, ya juya ya daidaita wata hasumiya da bakin gari, inda layukan biyu suka haɗu nan ya zuba kallinsa jiya. Dabara ce mai kyau, mu ma a aji irin ta ake koya mana da wani suna. Matsalarta ita ce sai ana ganin gaɓa. Da asuba ba a gani, kuma idan hazon hunturu ya sauka sai giginyar da dutsen su ɓace gaba ɗaya, mutum ya yi ta zagaye yana neman gorar da ya ɗaura wa mamari, ga mai yana ƙonewa idan jirgi mai inji ne.

Saboda haka abin da ake saya shi ne abu biyu: alama da sawu. Alama ita ce ka danna maɓalli na'ura ta adana lambobin inda kake tsaye, ka sa masa suna, gobe ta nuna maka kibiya da nisan da ya rage. Sawu kuma layin da take zanawa ne na duk inda ka bi, wanda za ka iya bi ka koma gida ko da ba ka ganin gabanka. Mafi arhar na'ura tana yin waɗannan biyun daidai yadda mafi tsada take yi. eTrex 10, wadda ita ce ta ƙasa, tana ɗaukar alama 1,000. Wane masunci ne zai cika su?

Ga inda na fi ganin amfaninta a madatsun ruwanmu. Tafkin Kainji ya samu ne bayan kammala dam ɗin a 1968, tsawonsa ya haura kilomita 130, kuma abin da ruwan ya rufe ba fili ne fetal ba. Akwai duwatsu, akwai kututturan itatuwa, har tsohon garin Bussa yana ƙarƙashi. Ruwan kuma yana hawa yana sauka da mita da yawa a cikin shekara. Haka Tiga take, wadda aka gama a 1974, haka Shiroro. To lokacin da ruwa ya ja baya, duk waɗannan abubuwa suna fitowa fili. Wannan ne lokacin da za ka ɗauki na'ura ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana sa musu alama: kututture kaza, dutse kaza, bakin tsohon kwarin kogi. Idan ruwa ya dawo ya rufe su, kana da jerin abin da zai iya fasa maka jirgi ko ya yaga maka taru, kuma jerin nan shi ne na wuraren da kifi ke taruwa, domin giwan ruwa da tarwaɗa suna son inda akwai maɓoya. Babu taswirar da za a sayar maka da ke ɗauke da wannan. Sai dai ka tuna da mita 5 ɗin nan, ka haɗa da yadda iska ke tura kwalekwale. Idan na'ura ta ce kututture yana nan, ba shi tazarar mita 20 ko 30, kada ka ce za ka goge shi ka wuce.

Abin da ba ta yi kuma shi ne ganin kifi ko zurfin ruwa. Saƙon tauraro ba ya ratsa ruwa. Wannan aikin wata na'ura ce daban mai aika sauti ƙasa ta saurari amsawarsa. Akwai masu haɗa biyun, irin Striker 4, amma ita sai an kafa ta a jikin jirgi da batirin bolt 12, ba ta aljihu ba ce. Na faɗi wannan ne don na ji ana tallar GPS da sunan mai nemo kifi.

Batir kafin komai

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya da zan duba, batir ne. Iri biyu ne a kasuwa: masu cin batirin AA guda biyu, irin na rimot da ƙaramar tocila, da masu batir a ciki da ake caji kamar waya. Kamfanin ya ce eTrex 10 da 22x da 32x suna kai awa 25 da AA biyu. Idan kana awa shida a ruwa kullum, kwana huɗu ke nan, kuma ka rage wani abu domin hasken fuska da asuba yana ci. eTrex SE da ta fito a 2023 an ce tana kai awa 168 da AA biyun nan. GPSMAP 67 mai batir a ciki an ce awa 180, wanda ba kaɗan ba ne, amma ranar da ya ƙare sai ka nemi wuta, kuma bayan 'yan shekaru idan batirin ya gaji ba a kanti za ka sami madadinsa ba. AA kuwa ko a teburin mai shayi a ƙauyen bakin ruwa za ka iya samu. Ni dai a wurina, a ƙasar da wuta take yadda muka sani, AA ta yi nasara tun kafin a fara gardama.

Amma ba kowane AA ba. Masu arhar nan marasa nauyi na rediyo ba sa jimawa a cikin GPS, kuma idan aka bar su ciki suna zubar da ruwa su cinye ƙarfen. Nemi alkalin, ko mafi kyau ka sayi masu caji na NiMH guda huɗu da cajarsu, biyu a ciki biyu a leda. A cikin saitin na'urar akwai inda ake gaya mata irin batirin da aka sa. Idan ba ka gyara ba, ma'aunin cajin zai riƙa yi maka ƙarya. Idan za ka ajiye ta fiye da mako biyu, cire batirin.

Ruwa, maɓalli, kamfas

Za ka ga an rubuta IPX7. Ma'anarsa na'urar za ta jure nutsewa a zurfin mita 1 na minti 30. Ruwan sama da fantsamar igiyar ruwa ba za su dame ta ba. Abin da mutane ke ruɗewa a kai shi ne, jure ruwa daban, yin iyo daban. eTrex tana jure ruwa amma idan ta suɓuce a tsakiyar Kainji ta tafi ke nan. Waɗanda aka yi don jirgi, GPS 73 da GPSMAP 78 da 79s, su ne ke tasowa sama, kuma suna da maɓallin da idan mutum ya faɗa ruwa kana dannawa ta kama wurin nan take ta fara nuna maka hanyar komawa. Idan kuɗinka bai kai nan ba, maganin mai sauƙi ne: eTrex da batirinta ba ta da nauyi sosai, don haka robar ruwan sha ta rabin lita wadda babu komai a ciki, a rufe ta gam a ɗaura da igiya, za ta riƙe ta a sama. Ba ta da kyan gani, amma tana aiki.

Maɓalli ya fi fuskar shafawa a kan ruwa, dalilin da na faɗa game da waya. Fuska mai launi kuwa sai idan za ka yi aiki da taswira. Kibiya da lamba ba sa buƙatar launi, kuma baƙi da fari ya fi ganuwa a rana, ya fi barin batir.

Kamfas ne abin da ba a cika lura da shi ba. Na'urar da ba ta da kamfas na lantarki a ciki ba ta san inda ka fuskanta ba sai kana tafiya, domin daga motsinka take gane alƙibla. A tudu wannan ba matsala ba ce, ka yi taku goma kibiya ta daidaita. A kwalekwalen da ke tsaye iska na juya shi, ko yake tafiya a hankali, sai kibiyar ta riƙa rawa, daidai lokacin da ka matso kusa da kallinka kana buƙatarta. eTrex 10 da 22x ba su da shi. 32x da SE da 79s suna da shi. Idan taka ba ta da shi, sayi ƙaramin kamfas na allura, na'ura ta ba ka digirin da za ka nufa, kamfas ya nuna maka shi. Ma'aunin tudu da ke zuwa tare da 32x kuwa na masu hawan dutse ne, wanda zai je tsaunukan Mambila ko Filato zai more shi, masunci bai dame shi ba.

Tarkon taswira

A nan ne aka fi cin kuɗin mutane. Yawancin na'urorin da ke shigowa an yi su ne don kasuwar Amurka ko Turai, kuma taswirar da aka loda musu ta can ce. GPSMAP 79sc, misali, ta fi 79s tsada ne saboda taswirar gaɓar tekun Amurka da ke cikinta. Ka kunna ta a Goronyo, abin da za ka gani ɗigo ne a farin fili. Akwai eTrex 22x da 32x masu taswirar Afirka, idan ka samu to madalla, amma ka kunna ka matso da garinku ka gani da idonka kafin ka yarda. Idan na'urar tana da ramin memori, ana iya loda mata taswirar OpenStreetMap kyauta, kuma don hanyoyi da garuruwa ta wadatar.

Ko da taswirar ta nan ce, bakin ruwan da ta zana na rana ɗaya ne. Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000 a shekarun 1960, yau ɗan kaso ne na wannan, kuma gaɓarsa na canzawa kowace shekara. A fadamun Haɗeja da Nguru, kacalla tana toshe hanyar da aka bi bara. Sawun da ka zana da kanka makon jiya ya fi kowace taswira gaskiya a irin waɗannan wurare.

Saitin da ke ɓatar da mutum da na'ura mai lafiya

Wannan sashen 'yan safiyo sun san shi, sauran jama'a ku ɗan yi haƙuri ku karanta, domin furojet da yawa a nan suke karyewa.

Lambobin wuri ba su da ma'ana sai an san a kan wane ma'auni aka ɗauke su. Ma'aunin nan shi ake kira datum. GPS tana aiki da WGS 84, shi ne kuma na Google Earth da wayarka. Tsofaffin taswirorin Najeriya da takardun safiyo masu yawa kuwa a kan datum na Minna suke, wanda tushensa wani turke ne kusa da garin Minna. Wuri ɗaya, lambobi biyu, kuma tazarar da ke tsakaninsu a ƙasa ta kai mita 80 ko fiye. Ka ga idan ka kwafi lamba daga tsohuwar taswira ka zuba a na'urar da ke kan WGS 84, za ta kai ka gonar maƙwabci ko ta wuce da kai kan dutsen da kake gudu, alhali tana nuna maka kuskurenta mita 3 ne kacal. Ba ta yi ƙarya ba, tambayar da ka yi mata ta amsa. Na'urorin Garmin suna da Minna a jerin datum ɗinsu. Ƙa'idar ita ce: idan kai da na'urarka da waya ne kawai, bar ta a WGS 84; idan za ka haɗa da takarda, duba gefen takardar ka ga abin da aka rubuta, ka saita daidai da shi, kuma ka rubuta datum ɗin a littafinka kusa da lambobin.

Sai yadda ake rubuta lambar. Digiri ɗaya na latitud kilomita 111 ne, minti ɗaya mita 1,852, sakan ɗaya kusan mita 31. Ana iya rubuta wuri da digiri da ɗigo, ko da digiri da minti, ko da digiri da minti da sakan. Abokinka ya turo maka 11.30 yana nufin digiri 11 da minti 30, wanda a tsarin ɗigo 11.50 ne. Kai kuma ka shigar da 11.30 yadda ka gani. Bambancin 0.20 ne na digiri, wato kilomita 22. Duk ƙungiyar da za ta fita aiki tare ta zauna ta yarda da tsari ɗaya kafin a bar makaranta. Masu aiki da UTM kuma, wanda ke ba da lamba a mita, su tuna Najeriya ta faɗa shiyya uku: Kainji da Sakkwato suna 31, Kano da Kaduna suna 32, Maiduguri da Yola suna 33. Lamba ba tare da shiyyarta ba rabin adireshi ce.

'Yan aikin gona, na'urorin nan suna auna faɗin fili idan ka zagaya iyakarsa, kuma ga babbar gona abin ya yi. Hekta ɗaya mita 100 ce sau 100. Idan kowane gefe ya kauce da mita 3, za ka sami tsakanin murabba'in mita 9,409 da 10,609, kuskuren kusan kashi 6 cikin ɗari, wanda ya isa lissafin taki da iri. Amma gwada a fuloti mai mita 15 sau 30. Ainihinsa 450 ne, kuskuren mita 3 zai iya ba ka 324 ko 594. Don haka kada wani kawu ya ja ka raba gado ko sasanta rikicin iyaka da GPS ta aljihu. Wannan aikin safiyo mai rajista ne, da kayan da ke auna santimita.

Idan ta hannu za ka saya

Farashi yana bin dala, duk abin da na rubuta yau zai tsufa kafin mujallar ta fito, don haka ba zan sa lamba ba. A taƙaice dai, mai ƙaramin ƙarfi da ke son alama da sawu ya nemi eTrex 10 ko SE. Mai son taswira don aikin tudu ya nemi 22x ko 32x. Wanda rayuwarsa a jirgi take kuma yana da hali ya nemi 73 ko 79s. Idan furojet ne na wata ɗaya, ku fara tambaya a sashenku ko akwai ta aro, ko ku haɗa kuɗi ku biyar ku sayi ɗaya.

Je kasuwa da batirinka sababbi. Buɗe murfin baya ka duba ƙarafan: idan ka ga farin gari ko kore, batir ya taɓa zuba a ciki. Duba robar da ta zagaye murfin da wadda ta rufe ramin waya, domin su ne IPX7 ɗin. Idan sun tsage ko sun bushe, sunan kawai ya rage. Danna kowane maɓalli, musamman ɗan sandan da ke gaban eTrex, shi ke fara lalacewa. Sannan ka fita da ita waje, kada ka yarda da gwajin cikin shago a ƙarƙashin kwano. Buɗe shafin taurari ka jira. Na'urar da ta daɗe a kashe, ko aka kawo ta daga wata nahiya, tana iya ɗaukar mintuna kafin ta kama, domin cikakken jadawalin taurari yana ɗaukar minti 12 da rabi kafin ya sauka. Idan an yi minti 20 a fili ba ta kama ko ɗaya ba, mayar masa da abarsa. Idan ta kama, duba kwanan wata. Ranar 6 ga Afrilu 2019 ma'aunin makonni na GPS ya cika ya koma sifili, kuma wasu tsofaffin na'urori da ba a sabunta ba suna nuna shekarar da ba ita ba tun daga ranar. Wurin da suke nunawa yana iya zama daidai, amma duk sawun da ka adana zai fito da kwanan watan ƙarya, abin da malamin da ke duba furojet ba zai so ba. Idan da kwamfuta a kusa, jona ta ka tabbatar ana iya kwashe alamomin a fayil na GPX, wanda QGIS da Google Earth ke buɗewa.

Wani abu da ba na fasaha ba: a yanayin tsaron da ake ciki, baƙo da na'ura a hannu yana zagaya bakin dam ko kusa da bariki yana jawo tambaya. Tafi da takardar sashenku da katin makaranta, ka fara gaida mai gari ko sarkin ruwa kafin ka shiga. Kuma idan masunci ya ba ka aron tasa, alamomin da ke ciki sirrin sana'arsa ne, kada su bayyana a shafin ƙarshe na furojet ɗinka.

Gwaji na ƙarshe a makaranta za ka yi shi, kafin kwanakin da mai shago ya ba ka na mayarwa su cika. Roƙi wani ɗan sashen safiyo ya nuna maka ɗaya daga cikin turakun siminti da suke aiki da su, waɗanda aka san lambobinsu, ka tambaye shi datum ɗin. Ɗora na'urar a kai, ka bar ta minti biyar, ka rubuta abin da ta nuna. Ka dawo da yamma ka sake, ka dawo washegari da safe ka sake, domin taurarin da ke sama a kowane lokaci daban ne. Idan duk ukun sun faɗo cikin mita 5 na lambar turken, na'urar lafiya take. Idan duk ukun sun kauce gefe guda da kusan mita 80, koma saiti ka duba datum.